Daga Yawa zuwa Nailan: Kayan Su da Hannun da ke Ƙera Su

Ƴan uwana ɗalibai, na san akwai wanda zai ga kan wannan rubutu ya yi dariya, ya ce me ya haɗa ɗan Gidigir da zancen su? Mu da aka sani da kanwa da dabino da tudun rairayi. Haka ne, ba mu da gulbi. Amma kifin da ke cikin miyarmu ai ba daga sama ya faɗo ba. Banda daga gabas take zo mana, daga wajen Difa da Boso da Gigimi, ɗanye kuma daga tabkin Gidimuni da ke nan yamma da mu bisa hanyar Damagaram. Kowane kifi da wani abu aka kama shi, kuma wani ne ya ƙera abin nan. Ni ɗalibin makanikanci ne, shi ya sa a duk tarihin ƙasar nan abin da ya fi jan hankalina shi ne tarihin kayan aiki: wa ya yi su, da me, kuma me suka bari da rai bayan sun gama aikinsu.

Kafin zuwan kayan kanti, masunci shi ne injiniyan kansa. Zaren tarunsa a gona ake noma shi. Akwai rama, akwai auduga, akwai kuma wani irin wake da ake kira yawa, wanda ba don ci ake shuka shi ba, sai don zaren da ake cirewa daga dogon sandan furensa. A jiƙa, a buga, a murza a cinya, sannan a zauna saƙa. Idon taru da yatsa ake auna shi: mai yatsa biyu, mai uku, mai huɗu, har mai shigar hannu gaba ɗaya don giwan ruwa. Gora ita ce ke riƙe mutum bisa ruwa, ita ce kuma ma'ajiyar kifinsa. A tafkin Cadi, Buduma da ciyawar tafkin suke ɗaure jirginsu, kadai, wanda bayan ƴan watanni yake shan ruwa ya yi nauyi a sake wani. Ƙarfe kaɗan ne a cikin harkar, amma shi ne mai tsada: ƙugiya, mashi, da zago na manyan dabbobin ruwa.

Nan maƙera suka shigo. Ku dubi yadda ake koyon ƙira a ƙasar Hausa. Yaro ba ya fara da masaba. Zuga-zugi ake ba shi, ya yi shekara da shekaru yana hura wuta yana kallo, har idonsa ya san launin ƙarfe lokacin da ya isa duka da lokacin da ya wuce. Daga baya a bar shi ya riƙe awartaki, daga baya ya yi allura da ƙusa, sai can a ƙarshe ya tsaya gaban uwar maƙera da kansa. Ƙugiya ƙaramar aba ce, amma tana da wuya: in ta yi taushi kifi ya miƙe ta, in ta yi tsauri ta karye. Kuma maƙerin ba a ɗaki shi kaɗai yake tsara ta ba. Masuncin na zaune a gefe yana cewa, a'a, ƙara lanƙwasa nan, bakin tarwaɗa ba irin na ƙurungu ba ne. Gobe ya gwada, jibi ya dawo da labari. Abin da mu a lakkwal muke kira sitaj, su rayuwarsu ce gaba ɗaya.

Kada mu mai da mutanen da waliyyai. Sun san magimfa, ganyen da ake dakawa a zuba a ruwa kifi ya bugu ya taso, babba da ƙarami. Sarkawa da Sorko na kogin Kwara sun yi farautar dorina da ayu da zago, kuma Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin irin wannan farautar dorina a wajen Ayoru a farkon shekarun 1950. Sai dai abubuwa biyu sun taka musu birki. Na farko, doka: ruwa yana da Sarkin Ruwa, akwai lokacin da ake rufe shi, akwai ranar da ake buɗewa. Bikin Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai ziyara garin, ragowar wannan tsari ne: a shiga Matan Fada da koma da gora kawai, a fito in an ce a fito. Na biyu kuwa, kuma shi ne wanda ba a cika faɗi ba, kayan da kansu suna mutuwa. Tarun yawa in ba a shanya shi ba ruɓewa yake. In ya ɓace a ƙarƙashin ruwa, ba a daɗe ba ya zama taki. In dabba mai ƙarfi ta faɗa ciki, sau da yawa ta tsinka ta wuce. Masunci ya yi asara ya yi tsaki, amma dabbar ta rayu. Raunin zaren nan wani irin jinƙai ne da babu wanda ya tsara shi.

A 1935 aka ƙirƙiro nailan a kamfanin DuPont na Amurka. Ya ɗauki shekara ashirin da wani abu kafin ya iso tafkin Cadi, wajen ƙarshen shekarun 1950 da farkon na 1960, daidai lokacin da ƙasashenmu ke karɓar ƴanci. A lokacin tafkin na cike, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 25,000, Gigimi kuma gari ne na bakin ruwa. Nailan ba ya ruɓewa, ba ya son shanya, ba shi da nauyi, kifi ba ya ganinsa sosai. Ƙugiya ma ta fara zuwa a kwali, ɗari-ɗari, irin ta Mustad daga Nowe, inda tun 1877 inji ke yin ta. Jirgin katako ya ture kadai, daga baya injin Yamaha ya hau bayansa. Kamu ya ƙaru ƙwarai, Hausawa masunta da fatake suka kwararo tafkin, Baga ta zama kasuwar banda da ake ji har kudancin Najeriya. A ranar 22 ga Mayu 1964 Nijar da Najeriya da Cadi da Kamaru suka kafa hukumar kula da tafkin a Fort-Lamy, wato Njamena ta yau.

Wallahi ban ga laifin wanda ya yar da yawa ya ɗauki nailan ba. Mai iyali ne, wa zai ƙi sauƙi? Amma ku lura da abin da ya faru a ɓoye. Shawarar yadda kayan su za su kasance ta bar bakin ruwa ta koma masana'antar da ba ta taɓa ganin tafkin ba. Da, masunci ne ke yanke girman ido da ƙarfin zare. Yanzu abin da ɗan kasuwa ya kawo shi za a saya. Maƙeri ya koma fartanya da gatari, ya bar ƙugiya. Masuncin ya zama mai ɗinki da gyara kawai.

Sai fari. Na 1972 zuwa 1974 ya raba tafkin gida biyu, kwarin arewa, wanda shi ne namu, ya ƙafe. Na 1983 da 1984 ya ƙarasa, har faɗin ruwan ya koma ƙasa da murabba'in kilomita 2,000. Gigimi ta wayi gari tana kallon ƙura. Kifayen buɗaɗɗen ruwa suka ja baya, aka bar masu jure fadama da ƙarancin iska: tarwaɗa, karfasa, bargi, gaiwa. Sabon ruwa, sabon kaya. Cikin shekarun 1980 masunta ƴan Mali suka zo da gura, wanda wasu ke kira mali kawai: kwando ne na sanduna da aka lulluɓe da ragar nailan, da ƙofofi masu sauƙin shiga da wuyar fita, a sa masa dusa a ciki. Ba shi da tsada, yaro ma na iya ɗaura shi. Daga gura aka samu dumba, wato a jera ɗaruruwansu a tare mashigar ruwa daga gefe zuwa gefe lokacin da ruwa ke janyewa. Duk abin da ya biyo hanyar ya shiga. Dumba ta jawo rigima tsakanin masu ita da masu taru da ƙugiya da ke bayanta, hukumomi sun sha hana ta, ta kuma sha dawowa, don akwai kuɗi a ciki kuma masu karɓar rabo suna da yawa.

A matsayina na mai koyon ƙira, gura na burge ni. Dabara ce ta talaka, an yi ta da abin da ke kusa, ta dace da ruwan da ya rage. Illarta ɗaya: an tsara mata ƙofar shiga, ba a tsara mata ƙofar fita ba. Ɗan tarwaɗa mai tsawon yatsa da uwarsa duk ɗaya ne a wurinta. Kuma gurar da aka manta a ruwa ba ta daina aiki: kifi ya shiga ya mutu, warinsa ya kira wani. Haka kallin nailan da ya tsinke ya maƙale a ciyawa. Ga kuma gidan sauro da aka raba don zazzaɓin cizon sauro, wasu suka mai da shi taru, ba ya barin ko ƙwai. Dokar su ta ƙasarmu tana nan a takarda. Amma jami'in gandun daji nawa ne za su tsaya a kan kowane tabki?

A yammacin ƙasa, wanda ya fi shan wuyar nailan shi ne ayu. Da yawanmu a nan sunansa kawai muka sani, ta bakin masu tallar man ayu a kasuwa. Dabba ce mai shayarwa, ciyawa take ci, ba ta cizo, kuma dole ta riƙa ɗago hanci ta shaƙi iska. Tana ɗaukar ciki wajen shekara guda ta haifi ɗa ɗaya, sai ta yi shekaru kafin ta sake. In ta naɗe a taru mai ƙarfi ta kasa tasowa, nutsewa take, kamar mutum. Tun 2013 aka sa ayun Afirka cikin jerin dabbobin da aka haramta cinikinsu tsakanin ƙasashe, amma taru bai san jeri ba.

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba, kuma a nan ne nake so ku ga yadda wasu suka ɓullo mata. A tekun Atilantika, gabashin Amurka da Kanada, akwai wata irin babbar dabbar teku daga cikin waɗanda a faransanci muke kira balen, wadda tsofaffi za su ce maka kifin Annabi Yunusa. Ita ma kamar ayu, mai shayarwa ce mai shaƙar iska. An yi ta farautarta ɗaruruwan shekaru har aka hana a 1935. A 2023 irin nan ba su fi wajen 370 ba a duniya. Babu mai harbinsu yanzu. Jiragen ruwa ke bankarsu, igiya ke kashe su. Masu kamun ƙaguwa da danginta mai tsada da ake kira omar suna ajiye kejin ƙarfe a ƙasan teku, kusan gura ce ta Turawa, da doguwar igiya daga kejin zuwa wata alama mai yawo a sama. Igiyoyin nan dubbai ne tsaye cikin ruwa. Balen ta zo wucewa baki buɗe, igiya ta naɗe mata baki ko fiffike ko wutsiya, ta yi ta jan kaya watanni har ta rame ta mutu. Masu bincike sun duba tabon jikinsu sun ga fiye da kashi 80 cikin ɗari sun taɓa naɗewa aƙalla sau ɗaya.

Me suka yi? Abu na farko zai ba ku dariya: sun koma neman rauni. Dokar Amurka ta 2021 ta sa a yi amfani da igiya ko mahaɗi da zai tsinke in jan ya kai wajen kilo 770, don babbar balen ta iya ƙwacewa. Wato abin da zaren yawa ke yi kyauta, yanzu injiniya ne ke zaune yana lissafa shi. Kejin omar ɗin ma doka ta sa a bar masa taga da ƙanana za su fita, da wata ƙofa da aka ɗaure da abin da ke ruɓewa ko ya yi tsatsa, yadda in kejin ya ɓace ƙofar za ta faɗi da kanta. Abu na biyu shi ne kayan da ba su da igiya a tsaye sam. Igiyar na naɗe a ƙasa tare da kejin. In mai shi ya zo, sai ya aika sauti daga jirgi, wata na'ura ta ji ta saki makulli, alama ta taso da igiyar, ko kuma iska ta cika wata jaka ta ɗago kejin. A garin Woods Hole hukumar kula da su tana da rumbun irin waɗannan kaya da take ba masunta aro su gwada su faɗi aibinsu. Aibin kuwa yana da yawa: tsada, gishiri mai cin ƙarfe, laka mai toshe makulli, sanyin da ke sa yatsa ya kasa kama ƙaramin kusa, da yadda za ka san wani ya riga ya ajiye nasa a wurin tun da babu alama a sama. Ɗaliban makanikanci da ke sitaj a wannan fanni aikinsu kenan: su yanka ƙarfe, su haɗa, su jefa a ruwa, su bi masunci cikin jirgi da asuba su ga inda abin ya gaza, su koma atiliye. Zaman maƙeri da masunci ne ya dawo, da kwamfuta a gefe.

Labarin da ya fi min daɗi shi ne na kififiyar teku. Jiragen kamun jatan lande suna jan taru a ƙasan teku, kififiya ta shiga ta nutse. Maganin da ya yi aiki wani gasasshen ƙarfe ne, kamar wanda mai tsire ke ɗora nama, a kafa shi a karkace cikin wuyan tarun. Tsakanin sandunansa wajen santimita 10: jatan lande ya wuce ciki, kififiya ta daki ƙarfen ta zame ta fita ta wata kafa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ƙera irinsa, Sinkey Boone na jihar Jojiya, masunci ne mai walda, kuma ba don kififiya ya fara yi ba, don ya rabu da wasu halittu masu yauƙi da ke cika masa taru ne. Da Amurka ta yi doka a 1989 cewa ba za ta sayi jatan lande daga ƙasar da ba ta kare kififiya ba, har jiragen Legas sai da suka sa ƙarfen nan. Masunta sun fi karɓar irin nasa a kan waɗanda aka zana a ofis, don bai cika nauyi ba kuma ba ya zubar musu da kamu.

To mu fa? Mu duba inda muke rububin zuwa sitaj. Kowa na son SORAZ, ko NIGELEC, ko SONICHAR, in bai samu ba ya tafi garejin mota ya yi wata biyu yana wanke kusoshi da gazuwal. Ba laifi, can ne albashi yake. Na yi nawa a wani atiliyen walda, ƙofa da taga da gado muka yi ta yi, kuma na koyi abubuwa. Amma a duk ajinmu babu wanda ya taɓa kawo zancen zuwa bakin ruwa, har da ƴan Difa da iyayensu da kifi suka biya musu lakkwal. A idonmu su aikin wanda bai yi karatu ba ne. Alhali tun 2015, lokacin da dokar ta-ɓaci ta hana su da cinikin kifi a jihar Difa, aka kuma kwashe mutane daga tsibirai bayan harin Karamga, masunta da yawa suka rasa jirage da taruna. An yi shekaru kafin a sassauta. Wanda ya koma ruwa daga baya da sababbin kaya ya koma, kuma waɗanne? Waɗanda suka fi araha, masu ƙaramin ido, don bashi na jiransa. In da akwai lokacin da ya kamata a ce mai ilimin ƙira na tsaye kusa da shi, wannan ne.

Ba na cewa mu kwaikwayi na'urar sauti. Kuɗin guda ɗaya ya sayi gura ɗari da ɗoriya, kuma ba mu da balen. Abin ɗauka shi ne taga da ƙofa mai ruɓewa. Zobe na waya da aka ɗinka a gindin gura, mai faɗin da ɗan kifi zai fita babba ya kasa, maƙerin kasuwar Gidigir zai lanƙwasa hamsin kafin azahar. Tsaga ɗaya a jikin ragar, a ɗinke ta da zaren auduga ko rama maimakon nailan, ta isa ta kashe gurar da aka manta. A kogi kuma, inda ayu ke kiwo, sai a yi tunanin inda ya kamata kalli ya kasance da rauni.

Faɗi da baki ne mai sauƙi. Masunci zai tambaye ka, zoben nan kifi nawa zai zubar min a dare? Kuma yana da gaskiya, don shi zai kwana da yunwa, ba kai ba. Amsar ba ta cikin littafi. Sai ka nemi izinin Sarkin Ruwa, ka jera gura ashirin, goma da zobe goma babu, ka riƙa zuwa da asuba da sikeli da ma'auni da kaye, kana rubuta nauyi da tsawon duk abin da ya fito, har wata guda ko biyu. Tarwaɗa kanta faffaɗa ne, karfasa jikinta a tsaye yake kamar tafin hannu, saboda haka zagayayyen zobe da mai tsawo ba aiki ɗaya za su yi ba, sai an gwada kowane. Zaren ma haka: in ya ruɓe cikin sati ɗaya mai gura zai zage ka, in ya kai shekara bai yi amfani ba. Kuma ruwan kwarurrukanmu mai kanwa ne, ba zai ci zare daidai da ruwan Komadugu ba, don haka abin da aka auna a Gidimuni sai an sake auna shi a Boso.